Daga Tabarma Zuwa Katifar Soso: Tarihin Gado da Shimfiɗa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan tufafi da abinci da gine-gine, amma abin da Bahaushe ke kwanciya a kai bai sami irin wannan kulawa ba, alhali kuwa kusan sulusin rayuwar mutum a kan shimfiɗa yake ƙarewa. A kanta ake haihuwarsa, a kanta yake jinya, a kanta kuma yawanci ajali ke riskarsa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda gado da shimfiɗa suka sauya a ƙasar Hausa, tun daga zamanin tabarma da gadon kara har zuwa na katifar soso. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa a da abubuwa uku ne ke sa mutum ya zaɓi makwanci, watau yanayin shekara da halin jikinsa da matsayinsa a cikin jama'a. Da tafiya ta yi nisa sai na ukun ya danne na farko da na biyu, kuma wannan ya shafi lafiyar mutane da aljihunsu da ma harshensu.

2.0 Abin da Harshe ya Adana

A rubutun boko kalmar "gado" tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda furuci ne ke raba su. Gadon kwanciya yana da gajeren wasali a gaɓar farko, kuma karin sautinsa sama-sama ne, jam'insa gadaje. Gadon dukiyar mamaci kuwa yana da dogon wasali a gaɓar farko, karin sautinsa sama-ƙasa. Idan aka ce wane ya gaji ubansa ya hau gadon sarauta, an haɗa ma'anonin biyu ke nan a jimla guda, kuma wannan ya nuna cewa tun asali gado alama ce ta ɗaukaka, domin wanda ke bisa gado yana sama da wanda ke zaune a ƙasa.

Ita kuwa "katifa" baƙuwar kalma ce. An aro ta daga Larabci, inda take nufin wani irin yadi mai kauri da laushi wanda ake shimfiɗawa ko a lulluɓa da shi. "Filo" daga Ingilishi ya zo, ya tarar da "matashi" a gida. Tabarma ita ce ta fi kowace shimfiɗa shiga cikin karin magana. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, suna kuma cewa tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Har tsohuwar tabarma da ta mutu tana da sunanta na kanta, watau keso. Yawan kalmomi irin waɗannan shaida ce ta daɗewar abu a cikin rayuwar masu harshen.

3.0 Shimfiɗun Gargajiya

Tabarmar Hausa da kaba ake saƙa ta, watau ganyen goriba, wanda ake yanka a shanya a tsaga shi sili-sili, a rina wani sashe idan ana son ado. Amfaninta a fili yake ga mazaunin ƙasa mai zafi. Ba ta riƙe gumi, iska na ratsa ta, ana naɗe ta da safe a jingine, ana kuma fita da ita tsakar gida ko saman soro idan ɗaki ya ƙi kwantuwa da bazara. Bayan tabarma akwai shimfiɗun fata: buzu da agalemi na fatar rago ko tunkiya, waɗanda aka san malamai da su, da kuma kilago na fatar sa. Darduma da kilishi kayan sarakuna da attajirai ne, kuma da yawansu ta hanyar fataucin Sahara suke zuwa. Da hunturu akan ƙara da gwado ko luru, waɗanda masaƙan gida ke saƙawa da zaren auduga mai kauri.

Ta fuskar gado kuwa, iri uku ne suka fi yaɗuwa. Na farko shi ne gadon kara. Bayan kaka akan zaɓi karan dawa masu kauri, a daidaita tsawonsu, a jera su hawa-hawa ana giciyawa, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, sa'an nan a shimfiɗa tabarma a kai. Ba ya cin kuɗi, yana ɗaga mutum daga sanyin ƙasa da kunama, kuma idan gara ko kuɗin cizo suka kama shi sai a sa shi a murhu a ɗaura sabo. Na biyu shi ne gadon tukurwa ko na gwangwala, wanda ya fi na kara ƙarko da kyan gani, ana kuma sayen sa a kasuwa daga hannun masu sana'ar. Saboda sandunansa suna ɗan lanƙwasawa a ƙarƙashin nauyin mutum, ya fi daɓe sauƙi ga kafaɗa da ƙugu. Na uku shi ne gadon ƙasa, wanda magina ke ginawa a jikin bangon ɗaki, su bar rami a ƙarƙashinsa da ƙofar da ake zuba garwashi. Wannan gadon tsofaffi ne da masu jego da masu fama da ciwon sanyi, musamman a watannin hunturu.

A arewa, inda Hausawa ke cuɗanya da Abzinawa da Fulanin daji, akwai gadon itace wanda ake warwarewa a ɗora wa raƙumi ko takarkari ranar tashi, kuma mallakar mace ne. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850 kafin ya iso Kano a farkon 1851, ya ba da labarin manyan gadaje na katako da ya gani a gidajen Agadas, masu ginshiƙai huɗu da rumfa, an kewaye su da tabarmi har sun zama kamar ƙaramin ɗaki a cikin ɗaki. Ashe ke nan gado mai rumfa ya riga Turawan mulki zuwa wannan yanki. Su kuma Hausawan da suka zauna a Sudan a kan hanyar hajji, da waɗanda suka yi hijira can bayan yaƙin Burmi na 1903, sun tarar da angarib, gadon katako da ake saƙa tsakiyarsa da igiya ko tsirkiyar fata, suka ɗauke shi ya zama nasu.

Abin lura a nan shi ne gida guda yakan tara waɗannan shimfiɗu duka, kowace da lokacinta da mai ita. Mutum ɗaya yakan kwana a tabarma a waje da bazara, ya koma gadon kara a ɗaki da damina, idan tsufa ya kama shi kuma a gina masa gadon ƙasa.

4.0 Addini da Sarauta

Musulunci ya zo da ladubban kwanciya waɗanda suka zauna daram a cikin al'ada, kamar kakkaɓe shimfiɗa kafin a hau, da kwanciya a kan ɓarin dama, da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Haka nan kuma malamai suna karantar da cewa shimfiɗar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fata ce da aka cusa wa zaren dabino, kuma ya kwanta a tabarma har ta yi masa shaida a jiki. Wannan ya sa shimfiɗa mai tauri ta zama alamar gudun duniya, buzu kuma ya zama kujerar malami. A cikin littafin Kitab al-Farq, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an lissafa zama a fadoji masu ƙawa da shimfiɗa dardumai masu laushi a cikin ɗabi'un sarakunan da aka yi wa jihadin 1804. Daga nan za a fahimci cewa tun a wancan zamani laushin shimfiɗa ya wuce maganar jin daɗin jiki kawai, ya shiga maganar mulki da adalci.

5.0 Katifar Rimi da ta Auduga

Sana'ar cusa auduga a tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke ta daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi, watau rigar kariya ta doki da mahayinsa, ga Sarki Kananeji wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410. Dabarar ɗinkin lifidi ita ce dai dabarar ɗinkin katifa: a cusa, a baje, a soka basilla wuri-wuri a ɗaure don kada abin da ke ciki ya taru a gefe guda.

Abin cusawa mafi daraja shi ne audugar rimi. Zariya ta shahara da rimaye har wasu unguwanninta suka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa, akwai kuma garin Rimi a ƙasar Katsina. Kowane silin audugar rimi yana da rami a cikinsa, bayansa kuma yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa da sauri. Aibinta shi ne tana da saurin kama wuta, kuma da daɗewa takan karairaye ta zama gari. Audugar gona ta fi ta nauyi, tana kuma dunƙulewa, sai an riƙa farke katifar ana sake shiɓe ta da baka. Marasa hali kuwa sukan cusa busasshiyar ciyawa a buhu. Ko wace iri ce, mai ɗinkin katifa yana iya ƙara abin cusawa ko ya rage gwargwadon bukatar mai saye, ma'ana dai taurin katifa abin ciniki ne tsakanin mutum biyu da suka san juna.

6.0 Zamanin Gadon Ƙarfe

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya daga 1912, su ne suka buɗe wa kayan Turai masu nauyi hanya, suka kuma sa kuɗi a hannun manoma da 'yan baranda. Gadon ƙarfe ya fara bayyana a asibitoci da barikokin soja da makarantun kwana da gidajen ma'aikata, daga nan ya shiga kantuna. Sunan kamfanin Vono na Ingila ya yi ƙarfi a wannan ciniki har a sassa da dama na Nijeriya ya zama sunan gadon kansa. A 1959 iyalin Moukarim suka kafa masana'anta a Kano wadda ke ƙera gadajen ƙarfe da kayan ɗaki, maƙeran gida da masu walda su ma suka shiga sana'ar.

Wurin da wannan gado ya fi yin tasiri shi ne ɗakin amarya. A al'adar Hausawa miji ke ba da sadaki da lefe da muhalli, iyayen amarya kuma su yi kayan ɗaki, gado da katifa a wuyan uba suke. Da gadon ƙarfe mai rumfa ya zama abin yayi, sai ya shiga sahun jeren tasoshi da kwanonin sha, ya zama ma'aunin da 'yan ganin ɗaki ke auna arzikin gidan su amarya da shi. Akan jibga katifa biyu ko uku a kai, a jera matasai, har wani lokaci gadon ya zama na kallo, a shimfiɗa tabarma a ƙasa a kwana. Ga shi kuma ragar wayar da ke tsakiyarsa takan saki da daɗewa ta yi kwari, mai kwanciya ya wayi gari da ciwon baya. Maganin da jama'a suka gano da kansu shi ne jera katako a kan ragar. Wannan ya koya musu cewa komai kyan katifa, idan abin da ke ƙarƙashinta ya lotsa ita ma sai ta lotsa.

7.0 Zuwan Katifar Soso

Soson roba an fara yin sa ne a masana'antar Dunlop ta Ingila a 1929. Sinadarin foliyuretan kuwa, wanda da shi ake yin mafi yawan katifun soso, Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa shi a Jamus a 1937, aka fara yin soso mai laushi da shi don sayarwa a shekarun 1950. A Nijeriya an kafa kamfanin Vitafoam a 1962, ya fara aiki a Ikeja, daga baya ya buɗe masana'antu a Aba da Kano da Jos. Iyalin Moukarim su ma suka kafa Mouka a Legas a 1972. Kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji wanda aka biya ma'aikata a 1975 haɗe da ariya, sun sa katifar soso ta shiga gidajen da a da sai labarinta suke ji. Gadon ƙarfe ya ba da wuri ga gadon katako da na fomeka, kamfanin Vono na Nijeriya ma daga ƙarshe ya narke a cikin Vitafoam a 2016.

Ba a musun alherin soso. Ba ya dunƙulewa kamar auduga, ba ya bukatar shiɓa, yana da sauƙin ɗauka, ana kuma samun sa a awo sananne, daga ƙaramar katifar ɗalibi zuwa mai ƙafa shida tsawo shida faɗi. Amma ya zo da nasa matsaloli. Yana riƙe zafin jiki, a ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu a Sakkwato da Maraɗi da Kano. Idan ya kama wuta hayaƙinsa guba ne mai kisa. Daɗin daɗawa, sinadaran da ake yin sa da su daga waje ake sayo su, saboda haka da darajar naira ta faɗi daga 1986 sai farashinsa ya tashi, kasuwa ta cika da soso maras inganci. Mai saye ba ya ganin cikin katifa, kaurinta da kyan yadinta kawai yake gani, alhali ƙarkon soso yana ga cikarsa ne, watau nauyin kilo nawa ke cikin dunƙulen da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Soson da bai kai kilo 20 ba yakan yi saurin lotsawa a ƙarƙashin babban mutum, wanda ya kai 30 kuwa yakan jure. Wasu masu yi kan zuba garin alli a cikin haɗin don katifa ta yi nauyi a hannu ba tare da ta ƙara ƙarko ba.

Nauyin da wannan sauyi ya ɗora wa iyaye ba ƙarami ba ne. Gadon da a da ake ɗaurawa da karan gona ya zama abin da uba zai sayar da dabba ko ya ci bashi a kansa, har akan ɗaga biki saboda shi. Shi ya sa da gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012 ta hannun Hukumar Hisba, gado da katifa suna cikin manyan kayan da ta ɗauke wa iyaye.

8.0 Shimfiɗa da Lafiya

Binciken likitoci ya taɓo wannan tarihi ta wurare biyu. Na farko ya shafi gadon ƙasa. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka buga sakamakonsa a 1978. Sun yi zaton cewa kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta har kwana arba'in, da wankan jego, da shan kunun kanwa, suna ɗora wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Wani bincike mai faɗi da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, wanda aka buga a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya gano yana tafiya da ciwon shi ne rashin ilimin boko da rashin aikin yi da rama da hawan jini na masu ciki. Wannan gargaɗi ne ga mai nazarin al'ada da kada ya yi saurin yanke mata hukunci.

Na biyu ya shafi tauri. An daɗe ana cewa mai ciwon baya ya nemi shimfiɗa mafi tauri, kuma a kan wannan magana ake sayar da katifun da ake kira na masu ciwon ƙashi, waɗanda da yawansu gutsattsarin soso ne aka haɗa da gam aka matse. Wani gwaji da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2003, ya nuna cewa waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi masu kwana a mai tauri sosai samun sauƙi. Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ake nema shi ne ƙashin baya ya zauna a miƙe. Mai kwanciya ta gefe yana bukatar kafaɗarsa da ƙugunsa su ɗan nutse, in ba haka ba nauyinsa duka zai taru a kansu. Mai ƙiba yana bukatar soso mai cika don kada tsakiyarsa ta zurma, siriri kuma ko tsoho mai ƙarancin tsoka yana bukatar laushi a sama. Katakan da ke ƙarƙashi su ma sai sun kasance kusa da juna, domin idan suka yi tazara soso zai shige tsakaninsu ya lalace. Babu katifa guda da ta dace da kowa, kuma wannan shi ne abin da gidan Bahaushe na da ya sani lokacin da ya ware wa tsoho makwancinsa, ya ware wa saurayi nasa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda shimfiɗar Bahaushe ta taso daga kaba da kara da fata, ta bi ta kan audugar rimi da gadon ƙarfe, ta iso ga soso. A kowane mataki an sami sauƙi, an kuma yi asara. Mafi girman asarar ita ce ta ikon zaɓi, domin wanda a da yake tsayawa a kan mai ɗinki ya ce a ƙara ko a rage, ya koma yana sayen abin da bai ga cikinsa ba, sau da yawa kuma idon 'yan ganin ɗaki ake saya wa, ba bayan mai kwanciya ba. Tabarma dai ba ta bar gida ba, ko da yake ta leda ta ƙwace kasuwar ta kaba a birane. Da ita ake tarbar baƙo, a kanta ake ɗaurin aure da zaman makoki, gare ta kuma ake komawa duk daren da zafi ya hana katifa kwantuwa.

Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da al'ada. Masu ɗaura gadon kara da na tukurwa, da maginan gadon ƙasa, da masu ɗinkin katifar rimi, sun ragu ƙwarai, kuma kowanensu yana riƙe da sunayen kayan aiki da na sassan gado da na salon saƙa waɗanda suka bambanta daga Katsina zuwa Zazzau zuwa Damagaram. Ya kamata sassan koyar da Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi su tura ɗalibai su tattara waɗannan kalmomi daga bakin masu su, tare da hotuna da awo, tun masu sana'ar suna raye.